Sunan Wa Ke Jikin Buhun? Labarin Gahawar Ƙananan Manoman Habasha

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau a filinmu na noma da kasuwa tafiyar da ɗan nisa, don ƙasar Habasha muka nufa, can gabashin Afirka. Za mu ga yadda iyalai masu 'yan ƙananan gonaki suke noma gahawar da ake rububinta a manyan biranen duniya, mu kuma ga abin da ke shiga aljihunsu.

Alhazanmu sun san gahawa. Da wuya mutum ya je Makka ko Madina ya dawo ba a miƙa masa ita a ɗan finjali tare da dabino ba. To, Saudiyya tana cikin manyan masu sayen gahawar Habasha, don haka Alhaji ko Hajiya, ba mamaki kun riga kun ɗanɗana aikin hannun manomin da za mu yi zancensa yau.

Irin gahawar da ake kira arabika, wanda shi ne ya fi daraja a kasuwa, asalinsa dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, wajen Kafa da Jimma, inda har gobe bishiyar take fitowa da kanta ba wanda ya shuka ta. A yau Habasha ce ta ɗaya a Afirka wajen noman gahawa, tana kuma cikin biyar na sahun gaba a duniya. Ana ƙiyasta mutum miliyan 15 ne abincinsu ya rataya a kanta, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na amfanin daga ƙananan gonaki yake fitowa. Wani abin sha'awa, kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye kayansu. A gidan Bahabashe, uwargida za ta wanke ƙwayar, ta soya ta a kan garwashi a gaban baƙi, ta zaga da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin, ta daka a turmi, ta dafa a 'yar butar ƙasa mai dogon wuya, ga turaren wuta na tashi, ga gugguru a faranti. Sau uku ake zubawa, kuma ba a son baƙo ya tashi kafin zagaye na uku.

Amma ba duk gahawa ce ake kira zaɓaɓɓiya ba. A kasuwar duniya akwai gahawar gama-gari, wadda ake saye da tan-tan a kan farashin da ake yankewa a birnin New York, ba ruwan kowa da inda ta fito. Akwai kuma zaɓaɓɓiya, wadda sai an ɗanɗana ta an ba ta maki. Wata 'yar kasuwa a Amurka mai suna Erna Knutsen ce ta fara yayata wannan rarrabewa a 1974. Bisa ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi, ana ɗebo giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baje a bincika. Idan aka sami ko da ƙwaya ɗaya baƙa ƙirin ko mai fumfuna, magana ta ƙare. In ta tsallake wannan, sai a soya kaɗan, a niƙa, a zuba a kofuna biyar, a kwara ruwan zafi, a jira minti huɗu. Daga nan mai ɗanɗano zai ɗauki cokali ya zuƙa da ƙarfi har ka ji ƙara, ya juya a bakinsa, ya tofar, ya rubuta maki. Wadda ta sami 80 cikin 100 zuwa sama, ita ce zaɓaɓɓiya. Kofi ɗaya cikin biyar ɗin nan ya saɓa wa 'yan'uwansa, maki ya ragu.

To daga ina wannan maki yake fitowa? Mu je gonar.

A yankin Gedeyo, inda garin Yirgacefe yake, da maƙwabtansa Sidama da Guji, ƙasar tudu ce, tsayinta daga mita 1,700 zuwa sama da 2,000. Akwai sanyi da dare, ga ruwan sama wadatacce. Sanyin nan yana sa 'ya'yan gahawa su daɗe ba su nuna ba, kuma wannan jinkirin shi ke tara musu zaƙi da ƙamshi. Gonar mutum yawanci ba ta kai hekta ɗaya ba, da yawa ma rabin hekta ce ko ƙasa da haka, kuma a bayan gida take. In ka shiga ba za ka ce gona ba ce. Can sama manyan itatuwa ne masu ba da inuwa. A ƙarƙashinsu akwai wata shuka mai kama da ayaba da suke kira inset, wadda ba 'ya'yanta ake ci ba: mata ke kankare jikinta da saiwarta, su binne a rami ya tsimu, su yi abincin da ake kira koco. A ƙarƙashin inset ɗin kuma ga bishiyoyin gahawa, ga kabeji, ga wake, ga saniya ɗaya ɗaure a gefe tana ba da taki. Inset ke riƙe ciki, gahawa ke kawo kuɗin makaranta da na magani da na sutura. Wannan tsarin noma na mutanen Gedeyo ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Girbi yana kamawa ne daga wajen Oktoba zuwa Janairu, kuma a nan ne aikin yake. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna tare. A reshe guda za ka ga kore shar, ka ga mai ruwan ɗorawa, ka ga ja wur, ka ga wanda ya wuce ya fara baƙi. Ja wur ɗin kaɗai ake so. Ɗanye yana kawo bauri, wanda ya wuce yana kawo tsami mai wari. Saboda haka ba a zage reshe gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake tsinka da yatsu, a bar sauran, a dawo bayan kwanaki, a sake dawowa, har kakar ta ƙare. Maigida da matarsa da yaran da suka tasa, kowa da kwandonsa. Kuma sai an tara kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'yan nan kafin a sami kilo ɗaya na busasshiyar ƙwayar da ake fitarwa waje.

Abin da aka tsinka da safe ba ya kwana. Da la'asar za ka ga mutane a kan hanya, wani da buhu a ka, wani a kan jaki, wani a babur, sun nufi cibiyar wanki ko wurin awo na kusa, domin in 'ya'yan suka daɗe a buhu zafi zai sa su fara lalacewa. A cibiyar, ana zuba su a ruwa, waɗanda suka taso sama a kwashe, don ba su da ƙwaya mai kyau. Inji ya ɓare ɓawon. Ƙwayar tana fitowa da yauƙi a jikinta, sai a bar ta cikin kwarmin siminti da ruwa, kwana ɗaya zuwa uku, har yauƙin ya saki. Mai kula da wurin yakan tsoma hannu ya murza, in ya ji santsin ya tafi ta fara kaushi, ya san lokaci ya yi. In ya yi sakaci aka ƙara 'yan awoyi, aikin ɗaruruwan gidaje ya tashi a banza. Bayan an wanke ta a dogayen magudanu, sai a baza ta a kan gadajen shanya, waɗanda aka ɗaga daga ƙasa aka shimfiɗa musu raga don iska ta ratsa ta sama da ƙasa. Mata ne ke jeruwa a gefen gadajen nan yini guda, suna juyawa, suna tsince masu aibi da hannu. Rana ta take a rufe, dare ya yi a rufe saboda raɓa. Haka za a yi ta yi wajen mako biyu, sai danshin ƙwayar ya sauko kusan kashi 11 cikin ɗari.

Akwai tsohuwar hanya kuma, wadda aka fi sani a Harar da yammacin ƙasar: a shanya 'ya'yan da ɓawonsu, mako uku ko huɗu, sannan a sussuke. Wankakkiyar tana ba da ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo, mai ɓawon kuma ta fi zaƙi da nauyi a baki. Manoma da dama suna shanya wani kaso a gida su adana, su riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan in buƙata ta taso.

Yanzu, masu sauraro, ku lura da abu guda a cikin duk wannan. Manomi ya sayar da kayansa ne a ranar da ya tsinka, a kan sikeli, a farashin wannan yammacin, watanni kafin wani ya ɗanɗana ya ba da maki. Kuma da aka juye buhunsa a cikin ruwan nan, ya gauraye da na maƙwabtansa ɗari biyar ko dubu. Wanda ya ɓata lokacinsa ya zaɓi jajaye zalla da wanda ya cusa ɗanyu a ƙasan buhu, sau da yawa kuɗi ɗaya ake ba su. A kasuwar zaɓaɓɓiyar gahawa kuwa, tsada suna take bi: sunan yanki, sunan cibiya, sunan gona. Duk wanda sunansa ke jikin buhu, shi ke da bakin ciniki. In ka duba tarihin gahawar Habasha na 'yan shekarun nan, kusan duk rigima ce a kan wannan suna.

Nan da nan mai sauraro zai ce ai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma a yi wa mai cibiyar wanki adalci. Shi ma bashin banki ya ci ya sayi 'ya'yan da tsabar kuɗi, ya biya masu shanya, ya jira watanni, kuma ruwan sama na kwana uku a lokacin shanya ya isa ya karya shi. Inda kuɗin ya fi taruwa can ne bayan kaya sun bar tashar jirgin ruwa ta Jibuti, wajen masu soyawa da masu shagunan sha a Turai da Amurka da Japan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu koma baya kaɗan. A 1989 yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe. Birazil ta faɗaɗa gonaki, Biyetnam ta shigo da ƙarfi, kasuwa ta cika ta batse. Zuwa 2001 farashin laba ɗaya, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan, ya faɗo ƙasa da rabin dala. A yankin Harar manoma da yawa suka tumɓuke bishiyoyin gahawa suka dasa ganyen nan da ake taunawa mai suna cat, don shi ana girbinsa sau da dama a shekara. A wannan tsakanin ne manyan ƙungiyoyin gama kai suka taso: ta manoman Oromiya a 1999, ta Sidama a 2001, ta Yirgacefe a 2002. Dabararsu ita ce su tsallake dillalai su sayar kai tsaye ga masu saye na waje, in an ci riba a dawo a yi wa manomi biya na biyu. Inda shugabanni ke da amana abin ya yi amfani, har an gina makarantu da rijiyoyi. Inda babu, manomi ya gwammace ya kai wa ɗan kasuwa mai biya nan take.

Sai rigimar suna ta farko. A 2005 gwamnatin Habasha ta nemi yi wa sunaye uku rajista a matsayin mallakarta a Amurka: Sidamo, Harar da Yirgacefe. Aka sami taƙaddama da kamfanin Starbucks, wanda ke sayar da gahawa da irin waɗannan sunaye. Ƙungiyar Oxfam ta shiga maganar a 2006 ta tara jama'a, a watan Yunin 2007 aka sasanta, kamfanin ya amince sunayen na Habasha ne. Sai dai ba a ɗora wa kamfanoni biyan ko sisi don amfani da sunayen ba. Nasara ce ta mutunci, kuma tana da amfani, amma ba ta sauya abin da sikeli ke nunawa a ƙauye ba.

Shekara guda bayan haka, a 2008, aka buɗe babbar kasuwar hada-hadar amfanin gona a Adis Ababa, wadda ake kira ECX, ƙarƙashin jagorancin wata masaniyar tattalin arziki, Eleni Gabre-Madhin. Niyyar mai kyau ce: mai kaya ya sami kuɗinsa washegari ba jeka-ka-dawo, farashi kuma ya fito fili kowa ya gani a allo. Matsalar ita ce gahawar da ta shiga can ana kasa ta ne bisa yanki da daraja, a haɗe a rumbu. Mai saye daga Japan da ya ɗanɗani kayan wata cibiya bara ya ji daɗi, bana ba shi da hanyar sake samunsu. Doka kuma ta tilasta gahawar da za a fitar waje ta bi ta can, ƙungiyoyin gama kai da manyan gonaki kawai aka ɗauke wa wannan doka. Masu sayen zaɓaɓɓiya suka yi ta ƙorafi kusan shekara tara, sai a 2017 aka gyara doka, aka yarda mai cibiya ya sayar wa mai fitarwa kai tsaye, manomi mai hekta biyu zuwa sama kuma ya nemi lasisin fitar da kayansa da kansa.

Abin da hakan ya haifar ya bayyana a 2020, lokacin da aka fara gudanar da gasar Cup of Excellence a Habasha. Samfuri sama da 1,400 aka kawo, alƙalai suka ɗanɗana ba tare da sanin na waye ba, aka yi gwanjon waɗanda suka yi zarra ta intanet. Gahawar wani manomi daga Sidama ce ta zo ta ɗaya, aka saye ta a kan dala 185 kowace laba, a shekarar da ta gama-gari ba ta wuce dala ɗaya da 'yan kai ba. Bayan shekara biyu, wadda ta yi ta ɗaya ta haura dala 400. Labari ne mai daɗin ji, amma a yi hattara da shi. 'Yan buhuna kaɗan ne ake sayarwa a wannan farashi, kuma sharaɗin hekta biyun nan kaɗai ya fitar da mafi yawan manoman Gedeyo daga lissafi. Amfanin gasar na gaskiya, a ganina, shi ne ta nuna wa maƙwabta cewa ana iya sanin mutum da kayansa, sai ga waɗansu sun fara haɗa kai gida goma, gida ashirin, suna shanya nasu daban.

Bari mu ɗan ratse, don akwai wani labari da ke nuna abin da ke kwance a dazuzzukan can. A shekarun 1930 aka ɗebi irin gahawa daga dajin Gesha da ke kudu maso yammacin Habasha. Ya bi ta Kenya da Tanzaniya, ya isa Kosta Rika a 1953, daga can ya shiga Fanama, inda ya shekara da shekaru ba wanda ya kula shi. A 2004 wata gona mai suna Hacienda La Esmeralda ta shigar da shi gasa, aka saye shi dala 21 kowace laba, alƙalai suka rasa bakin magana. Yau Gesha na cikin gahawa mafi tsada a duniya, amma Fanama aka fi sani da ita. Dazuzzukan can sun kuma taɓa ceton manoman Habasha su kansu. Da cutar da ke ruɓar da 'ya'yan gahawa ta ɓulla a 1971, masu bincike na cibiyar Jimma daji suka shiga suka zaɓo bishiyoyin da cutar ba ta kamawa. Irin da ake kira 74110 da 74112, waɗanda yanzu suka cika gonakin kudu, daga nan suka fito, kuma lambar 74 ɗin shekarar da aka zaɓo su ce. Suna nan gefe da gefe da irin gargajiya da manoma ke kira kurume da dega da wolisho.

To yau kuma wata sabuwa ta taso, kuma wannan karon dole ce ba zaɓi ba. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigar da kayan da aka sare daji don noma su bayan ranar 31 ga Disamban 2020, gahawa na ciki. Duk mai shigar da kaya sai ya nuna ainihin wurin da kowace gona take a taswirar tauraron ɗan'adam. Ga mai gonar hekta dubu a Birazil wannan aikin yini guda ne. A Habasha kuwa gonaki miliyoyi ne, wasu ba su da takarda, kuma buhu guda yana iya ƙunsar kayan gida ɗari. Ga shi kuma gonar da ke ƙarƙashin inuwa, in an hango ta daga sama, daji take kama. Abin tsoron shi ne masu saye su ga wahalar ta yi yawa su koma wajen manyan gonaki, alhali manomin Gedeyo ya fi kowa barin itatuwa a tsaye. An ɗage fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, ma'aikata kuma suna ta bin ƙauyuka da wayoyi suna ɗaukar lambar kowace gona. In an yi dace, rajistar da aka yi don Turawa za ta iya zama hanyar da za a san wane ne ya kawo wane kaya, a biya shi gwargwadon kyansa. Wannan kuwa ya danganta ga wanda bayanan za su zauna a hannunsa.

Sai batun ɗumamar yanayi. Wani bincike da masanan lambun Kew na Ingila suka yi tare da takwarorinsu na Habasha, wanda ya fito a 2017, ya nuna kashi 39 zuwa 59 cikin ɗari na wuraren da ake noman gahawa yanzu za su iya daina dacewa da ita kafin ƙarshen wannan ƙarni, kuma Harar na cikin wuraren da suka fi shiga haɗari. Binciken ya ce akwai mafita in aka matsa sama, zuwa tuddan da da sanyinsu ya yi wa gahawa yawa, kuma tuni ake dasa ta a Guji da Sidama a wuraren da suka haura mita 2,200. Sai dai a Habasha ƙasa ta gwamnati ce, manomi haƙƙin nomawa kawai gare shi, ba ya iya sayar da tasa ya sayi wata a sama. Tuddan kuma da masu su, suna noman sha'ir suna kiwo. Wanda ma ya sami filin, sai ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin sabuwar bishiya ta ba shi 'ya'yan farko.

Masu sauraro, lokaci ya kama mu, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)